Gadon maƙwabtaka: a tsayar da suna ga abin da bakteriyar teku ke yi

1/ 'Yan uwa masu koyar da kimiyya da Hausa, ina so mu tsayar da magana kan wani suna. Turawa na cewa "horizontal gene transfer". Abin da ake nufi shi ne bakteriya ta samu ƙwayar gado daga wata bakteriyar da ba ita ta haife ta ba, ta haɗa da nata, ta yi aiki da ita, 'ya'yanta kuma su gada. Na ji ana cewa "musaya", na ji "aro", na kuma ga an rubuta "canja wurin ƙwayoyin halitta a kwance". Wannan na ƙarshen ko ɗalibin Samaru sai ya koma ga Turancin kafin ya gane shi.

2/ Wani zai ce ina ruwan Zariya da teku, mu da iyakarmu Galma da Kubanni. Da ruwanmu, domin kwalara 'yar bakin teku ce. Vibrio cholerae, bakteriyar da ke kawo amai da gudawa, asalin mazauninta inda kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, tana manne da ɓawon ƙananan ƙwarin ruwa 'yan uwan jatan lande. Mafi yawan danginta a can ba sa jawo annoba. Waɗanda ke kwantar da mutane su ne masu dafi, kuma dafin ba da shi aka san gidansu ba tun asali. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka nuna cewa ƙwayoyin gadon wannan dafi wani bairus ne mai suna CTX ke ɗauke da su. Ya shiga cikin bakteriyar, ya zauna cikin DNA ɗinta, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai, ta zama makashiya. A 2021 sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, mafi yawa a Arewa. Abin da ya kai ga rijiyoyinmu haka ya cancanci mu san sunansa da bakinmu.

3/ "Musaya" ba ta yi ba. Musaya ba ni in ba ka ce, wannan kuwa galibi hanya ɗaya yake bi: ɗaya ta bayar, ɗaya ta karɓa. "Aro" ma bai yi ba, don aro ana mayarwa.

4/ Wani malami da ke koyarwa a Tudun Wada ya kawo "hiba", kyautar da mutum ke yi yana raye, saɓanin gado. Malam, Allah ya ƙara sani, kalmarka ta fi waɗancan biyun kusa, kuma na daɗe ina juya ta. Inda ta gaza shi ne mai hiba dukiyar na fita daga hannunsa. Bakteriyar da ta miƙa wa wata zoben DNA ɗin nan da ake kira filasmid ba ta rasa komai, kwafi ta bayar. Kamar yadda ake aiken yaro ɗiban wuta a maƙwabta ne: ya taho da garwashi a kasko, murhun gidan da ya ɗebo bai mutu ba, namu kuma ya kama, gobe wani gidan ya ɗiba a namu. Ga kuma wani cikas: hiba na buƙatar niyyar mai bayarwa, alhali sau da yawa mai ƙwayar ta riga ta mutu ta tarwatse kafin a ɗauki abin da ta bari.

5/ Abin da nake gabatarwa shi ne "gadon maƙwabtaka". Dalilina biyu. Kalmar "gado" ta riga ta zauna a bakin malamai da 'yan jarida, muna cewa ƙwayar gado, muna cewa ciwon sikila na gado ne, don haka mai sauraro ya san fagen da ake magana tun daga kalmar farko. Sannan kowane Bahaushe ya san maƙwabci ba ya cin gado. Tun a makarantar allo muka ji hadisin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da maƙwabci har Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zaci za a sa shi cikin magada. Saboda haka da mutum ya ji an haɗa gado da maƙwabtaka, ya san an zo da abin da ya saɓa wa yadda aka saba, kuma saƙon ke nan. Na zaɓi "maƙwabtaka" a kan "maƙwabta" saboda rubutunmu ba ya nuna karin sauti, kada mai karatu ya ɗauka gadon kwanciya ake nufi.

6/ Hanyoyin uku ne sanannu, kuma ga sunayen da nake amfani da su a aji.

Tsintuwa: bakteriya ta tsinci DNA da ke yawo a ruwa ta haɗiye. Frederick Griffith ya fara ganin alamarta a Ingila a 1928. Vibrio cholerae gwana ce a nan, kuma a 2005 aka gano cewa ɓawon ƙwarin ruwan da take zama a kai shi ke tayar mata da wannan hali. Wato inda take cin abinci, nan take tsintuwa.

Hannu da hannu: biyu su haɗu ta wani siririn zare, ɗaya ta tura wa ɗaya. Joshua Lederberg da Edward Tatum suka gano wannan a 1946.

Dako: bairus ya kwaso guntun DNA daga wadda ya kashe ya sauke a cikin wata. Teku ce kasuwar wannan sana'a. A ruwan sama-sama, mililita 1 kan ɗauki bakteriya kusan miliyan 1, bairus kuma wajen ninki 10 na haka. Har Prochlorococcus, 'yar mitsitsiyar bakteriyar teku mai haɗa abinci da hasken rana wadda Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana a 1988, bairus ɗin da ke kama ta na yawo da ƙwayoyin gadon sarrafa hasken.

7/ Hajiya da ke aikin jinya ta tambaya ko wannan ne dalilin da magani ke daina ci. Hajiya, yana cikin manyan dalilai, kuma ku kuka fi mu ganinsa a gadon asibiti. A 1992 wani sabon nau'in kwalara, O139, ya ɓulla a Indiya da Bangladash ɗauke da wani dogon yanki na DNA da aka sa wa suna SXT. Wannan yanki na iya ɓallewa daga inda yake, ya ƙetara hannu da hannu zuwa wata bakteriyar, ya sake dasa kansa, yana ɗauke da kariya daga haɗin maganin da muke saya a kemis da sunan Septrin, har da wasu magungunan. Bakteriyar da ba ta taɓa haɗuwa da maganin ba sai ta wayi gari ba ya yi mata komai. Duk lokacin da aka sha maganin kashe bakteriya ba bisa ƙa'ida ba, masu wannan kariya ake share wa fili.

8/ Su kansu waɗannan yankuna masu tashi daga wuri zuwa wuri, "mobile genetic elements" a Turance, ina kiransu "ƙwayoyin gado masu ƙaura". Barbara McClintock a jikin masara ta fara gano irinsu, ta samu kyautar Nobel a 1983. Filasmid kuwa a bar shi filasmid, yadda muka bar bakteriya.

9/ Saura guda da ban tsayar ba, kuma a nan nake neman masana fiƙihu da na harshe su sa baki. Binciken da Barry Marrs ya fara a 1974 ya nuna cewa wata bakteriya mai suna Rhodobacter capsulatus na ƙera wasu 'yan kwalaye masu kama da bairus, ta cusa gutsattsarin DNA ɗinta a ciki, ta fashe ta mutu, kwalayen su watsu ga na kusa. Danginta na rukunin Roseobacter suna da yawa ƙwarai a teku, kuma da dama cikinsu na da wannan hali. Ba dako ba ne, don ba baƙo ne ya ɗauka ba, ita ta ɗaure kayanta da kanta. Zuciyata ta karkata ga "wasiyya", tunda sai bayan mutuwa take zartuwa kuma ba magaji ake yi wa ba. Abin da ya riƙe ni shi ne mai wasiyya yakan zaɓi abin da zai bayar ya ambaci mai karɓa, ita kuwa wannan duk guntun da ya faɗo shi take ƙunshewa. Malam na Tudun Wada, ko wasiyya za ta ɗauki wannan nauyi?