Wasan ƙwallon Ostireliya da majalisunsa na talabijin: wane suna za mu raɗa masa?

1/
Salamu alaikum, masu sharhin wasanni da masu fassara. Akwai wasan da bidiyonsa ke yawan gilmawa a Facebook da YouTube, amma har yau ba mu tsaya mun raɗa masa suna ba. Fili ne mai siffar ƙwai, turaku huɗu a kowane ƙarshe, 'yan wasa 18 a kowane ɓangare, galibi da riguna marasa hannu. Wasan mutanen Ostireliya ne, babbar gasarsa kuwa ita ce AFL. Wasu na rubuta "ƙwallon ƙafa ta Ostireliya", wasu na cewa zari-ruga ce kawai. Duka biyun ba su kwanta mini ba, kuma ina da sunan da nake so mu auna.

2/
Kafin wani ya ce mu ari "futi" yadda masu wasan ke kiransa, ga abin da ya faru a talabijin ɗinsu. A 1994 tashar Nine ta buɗe wani shiri a Melbon mai suna The Footy Show, ana yinsa daren Alhamis, Eddie McGuire da Sam Newman na cikin masu gabatarwa. A shekarar dai, tashar ta buɗe wani shirin a Sidni da wannan sunan sak, amma shi a kan zari-ruga yake. Suna ɗaya, wasa biyu, domin mutumin Melbon ko Adelaide ko Perth in ya ce futi wannan wasan yake nufi, na Sidni da Brisbane kuwa zari-ruga yake nufi. In muka aro kalmar, har da rikicinta za mu kwaso.

3/
"Ƙwallon ƙafa ta Ostireliya" ya fi ɓatar da mai karatu. Ƙasar tana da tawagar tamaula irin wadda muka sani, maza da mata. A 2023 ita da New Zealand suka ɗauki baƙuncin gasar cin kofin duniya ta mata, inda Super Falcons suka doke Ostireliya da ci 3 da 2 a Brisbane. Duk Bahaushen da ya ga wannan sunan a kanun labari, can hankalinsa zai tafi.

4/
Zari-ruga fa? Na san abin da ya sa ake kai shi can: ƙwallon ba zagayayya ba ce, ana runguma ana kayarwa, ana gudu da ita a hannu. Kamannin sun tsaya nan.

A zari-ruga jifa ake miƙa wa abokin wasa, kuma baya ake jefawa. A nan jifa laifi ne, alƙali zai busa. A zari-ruga babban ci shi ne ka ruga ka dangwala ƙwallon a bayan layi. A nan ko ka ruga da ita har ƙarshen fili ba ka ci babban maki ba sai ka buga da ƙafa. Gudun ma ba a sakar maka ba, dole ka tara ta da ƙasa a duk mita 15. Satar gida babu ita kwata-kwata, ɗan wasa yana iya tsayawa duk inda ya ga dama. Asalinsu ma daban: a Melbon aka rubuta dokokin wannan wasa a 1859, Tom Wills na cikin waɗanda suka zauna, gasar jihar Biktoriya ta fara a 1897, sai 1990 aka sauya mata suna zuwa AFL da ta game ƙasar. Wanda ya zari ƙwallo ya ruga ba shi ne gwanin wannan wasa ba.

5/
Gwaninsa shi ne mai cafkewa. Ga dokar da komai ya rataya a kanta: in aka buga ƙwallo da ƙafa ta yi tafiyar aƙalla mita 15, ba ta taɓa ƙasa ba, ba wanda ya taɓa ta, kai kuma ka riƙe ta gam, alƙali zai busa. Daga nan ba mai ikon taɓa ka. Ka ja baya, ka numfasa, ka zaɓi inda za ka buga. Su suna kiran wannan "mark". Ko da jiniyar tashi ta kaɗa bayan ka cafke, za a bar ka ka yi bugunka, kuma an sha cin wasa da irin wannan bugun bayan lokaci ya ƙare.

Ku duba yadda ake yi. Ƙwallo na sama tana juyi, mutum biyar sun cunkushe a inda za ta sauka, kowa ya ɗaga kai. Sai wani ya taho da gudu daga baya, ya daka tsalle, ya dasa gwiwa a kafaɗar na gabansa, ya ƙara tashi, ya miƙa hannu biyu ya ɗauke ta a saman kawunansu, sannan ya faɗo da ita a ƙirji. Doka ta yarda da hawan, muddin ƙwallon ya nufa da gaske. A wasan ƙarshe na 1970 tsakanin Carlton da Collingwood, gaban mutum 121,696 a filin MCG da ke Melbon, Alex Jesaulenko ya yi irin wannan a kan Graeme Jenkin, kuma har gobe tashoshinsu na maimaita hoton. Duk shekara ma akwai kyauta ta musamman ga wanda ya fi kowa iya ta.

6/
Saboda haka sunan da na kawo shi ne BUGA-CAFKE.

Ƙirar zari-ruga na bi, aikatau biyu a jere, na farko ya kira na biyu. Kunne ya riga ya saba da wannan zubin, yana ji zai gane sunan wasa ne, kuma zai gane ba wancan ba ne. Na so "doki-cafke" don ya fi daɗin faɗa, amma a rubuce ido zai fara ganin dokin hawa. "Cafe" kuma a allon waya wasu za su karanta shi da bakin Turanci. "Shuri" na jaki ne da na faɗa, "harba" ya yi kusa da bindiga. Buga dai shi muka saba ji a bakin masu sharhi.

Ita kuma "mark" sai ta zama cafka: ya yi cafka, cafkar shekara, bugun bayan cafka.

7/
Wani dattijo ya rubuto cewa me zai hana a ce "ƙwallon ƙwai". Baba, Allah ya ƙara girma, sunan yana da sauƙin riƙewa, amma zari-ruga ma ƙwai ce, ta Amurka ma haka. Da siffar ƙwallo kaɗai ba za mu raba su ba, sai da aikin da ake yi da ita.

Wata 'yar uwa kuma ta ce ai gola ma yana cafkewa a tamaula. Gaskiya ne, Malama, amma mutum ɗaya ne cikin 11, kuma aikin tsaro yake yi. A nan kowa gola ne kowa ɗan gaba, da cafka ake kai hari.

8/
Sai lissafin ci, wanda shi ke fara ruɗa mai kallo in ya ga allon talabijin. Turakun nan huɗu, biyu na tsakiya dogaye ne, biyu na gefe gajeru. In ka buga da ƙafa ta ratsa tsakanin dogayen ba wanda ya taɓa, maki 6. In ta bi tsakanin dogo da gajere, ko ta daki dogon turke, ko wani ya taɓa ta kafin ta wuce, maki 1, shi ne suke kira "behind". Alƙalin da ke tsaye a gindin turaku yakan nuna da hannu biyu ya kaɗa farar tuta biyu in babban ne, hannu ɗaya da tuta ɗaya in ƙaramin ne.

Kada mu fassara "behind" da "baya", ba zai nuna komai ba. Mu ce cin tsakiya da cin gefe. Ga yadda zai fito a labari: a wasan ƙarshe na 2023 allo ya nuna Collingwood 12.18 (90), Brisbane Lions 13.8 (86). Wato Collingwood ta ci tsakiya 12 da gefe 18, Brisbane ta ci tsakiya 13 da gefe 8. Brisbane ta fi cin tsakiya, amma tarin gefe ya ba Collingwood kofi da ratar maki 4. Ban ga wanda zai karanta wannan ya nemi ƙarin bayani ba.

9/
Miƙa ƙwallo da hannu kuma, tunda an hana jifa, ɗora ta ake yi a tafin hannu ɗaya a dunƙule ɗayan a doke ta. Ba za mu ce ƙwallon hannu ba, wannan sunan wani wasan ne daban, a tamaula kuma laifi ne. Naushi ne, mu kira shi naushi. Tsohon shirin World of Sport, wanda tashar Seven ta yi a Melbon daga 1959 zuwa 1987 a ranakun Lahadi, har gasar naushin yake shiryawa a cikin ɗakin ɗaukar shiri, a kafa allo mai rami 'yan wasa su yi ta auna shi.

10/
Su kansu shirye-shiryen suna buƙatar suna, don iri biyu ne, kuma kalmar "sharhi" ba ta ɗauke su duka ba.

Akwai na nazari, irin su AFL 360 da ya fara a 2010 da On the Couch a tashar Fox Footy, da Footy Classified na Nine tun 2007. 'Yan jarida da tsofaffin 'yan wasa ne ke zama su warware wasannin ƙarshen mako, su tsayar da hoto su nuna inda mai tsaron baya ya saki mutuminsa, su tattauna hukuncin dakatarwa da makomar koci. Waɗannan shirin sharhi ne, ba gardama.

Na biyun kuwa hira ce da raha da tsokana da tuna baya. Lokacin da The Footy Show ya fara, Seven ce ke riƙe da izinin nuna wasannin, Nine ba ta da hoton da za ta saka, sai ta cike gurbin da baki da barkwanci da 'yan wasa a kan kujera, kuma shirin ya rayu har 2019. The Front Bar na Seven, wanda Mick Molloy da Sam Pang da Andy Maher suka yi suna da shi, an ƙawata ɗakinsa kamar mashaya, a gayyato tsohon gwani a yi ta tono labaransa. Wannan mu muna da sunansa tuntuni: majalisa. Majalisar buga-cafke. Abin da ake yi a benci bayan isha'i ne, illa dai su akwai kyamara da kuɗi a bayansa, don yarjejeniyar nuna gasar daga 2025 zuwa 2031 ta kai dalar Ostireliya biliyan 4.5.

11/
Akwai majalisar da nake so ku sani, Marngrook Footy Show, wadda 'yan asalin ƙasar suka gabatar a talabijin daga 2007 zuwa 2019, suna kallon gasar da idonsu, suna ɗaga 'yan wasansu. Sunan daga marn grook ya fito, wasan kakanninsu da ake yi da ƙwallon fata, a buga ta sama a yi rige-rigen kamowa. Masana tarihi na jayayya kan ko Tom Wills daga nan ya ɗauko wani abu, ba zan shiga tsakaninsu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne wannan tsohon wasan ma bugu ne da cafka.

12/
Saura kalma ɗaya da nake neman hannunku a kai. In aka rungume ɗan wasa tsakanin kafaɗa da gwiwa alhali ya samu damar rabuwa da ƙwallon bai yi ba, alƙali na hukunta shi, kuma 'yan kallo kan yi ihun neman hukuncin tun kafin a busa. Ina tsakanin "riƙo" da "maƙalewa". Mutanen Katsina da Damagaram da Sakkwato, in akwai kalmar kokawa da ta fi dacewa da wanda aka kama da kaya a hannu, ku kawo ta.