Taƙaitawar shawarwari kan neman fasfo da sabunta shi a Katsina

A zaman da muka yi bayan La'asar a Ƙofar Ƙaura, maganar da ta fi cin lokaci ita ce ta daidaiton suna. Tunda Hukumar Shige da Fice tana ɗauko bayanai ne daga rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, duk wanda aka rubuta masa Muhammad a wata takarda, Muhammadu a wata, ko ranar haihuwarsa ta saɓa, wajibi ne ya fara gyarawa a NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, kafin ya cike fom a intanet, in ba haka ba ya yi ta sintiri.

Wani dattijo da ya saba zuwa Umra ya ja hankalin matasa cewa Saudiyya tana buƙatar fasfo ya rage aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, saboda haka a duba ranar tun kafin a sayi tikiti. An kuma bambance fasfo mai shafi 32 na shekara 5 da mai shafi 64 na shekara 10, wanda a ganina ya fi dacewa da ɗan kasuwa. Game da 'yan kan-ta-waye da ke tsayawa bakin ofis, kowa ya yarda a biya kuɗi ta shafin intanet na Hukumar Shige da Fice, a adana rasit, sannan mutum ya je da kansa ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu.