Zaɓen ruwan narkarwa da ma'aunin Hansen: abin da aka tattauna

Ga abin da na tattaro daga maganganun da aka yi kan yadda za a zaɓi ruwan narkarwa don ciro sinadari daga tsiro ta amfani da ma'aunin Hansen, wato lissafin da ke nuna wane ruwa zai narkar da wane sinadari.

1. Kowa ya yarda a fara da lambobi uku na Hansen, wato δD, δP da δH, waɗanda ke auna nau'o'i uku na jan juna tsakanin ƙwayoyin sinadari. Ga na wasu ruwayen narkarwa a wannan jeri. Na etanol 15.8, 8.8, 19.4. Na asiton 15.5, 10.4, 7.0. Na heksen 14.9, 0, 0. Na ruwa 15.5, 16.0, 42.3.

2. Tazara tsakanin sinadarin da ake nema da ruwan narkarwa: Ra² = 4(ΔδD)² + (ΔδP)² + (ΔδH)², inda Ra ita ce tazarar, Δ kuma bambancin lambobin su biyun. Gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon narkewa. Kuskuren da aka fi ambata shi ne manta 4 ɗin nan.

3. Gauraye ana lissafa shi da kason girma, ba nauyi ba. Etanol kashi 70 da ruwa kashi 30 yana ba da kusan 15.7, 11.0, 26.3.

4. Ƙwayar darbejiya: a cire mai da heksen tukuna, sannan a bi tunkuzar da etanol don ciro azadiraktin, sinadarin darbejiya mai maganin ƙwari.

Inda aka rabu shi ne zoɓo. Wasu sun ce lissafin ya wadatar. Mafi yawa sun ƙi, kuma ina ganin da gaskiyarsu, domin launin zoɓo yana ɗauke da cajin lantarki, Hansen kuwa bai lissafa caji ba. Sai an sa tsami, pH (ma'aunin tsami) ƙasa da 3, in ba haka ba jan ya dushe.

Kan kurkumin, sinadarin rawaya na kurkum, ma an ja. Asiton ya fi etanol narkar da shi, amma masu haɗa kayan ci sun tsaya kan etanol saboda gudun ragowar asiton a cikin abinci.