MGB ɗin Baba ta 1971, ta ina zan fara?

Ɗan Unguwar Rimi: Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Baba Allah ya jiƙansa ya bar mana mota MGB ƙirar 1971 a gareji, shekara bakwai ba a tada ta ba, wallahi ba na so a sayar don a cikinta yake fita da ni ina yaro.

Oga Kakuri: Allah ya gafarta wa Baba. Kar ka yi gaggawar murza makulli ƙanena, fara zubar da tsohon fetur a wanke tanki, a canza baƙin mai a sa 20W-50, sai robobin birki da tayoyi don sun bushe ko da ba su cinye ba. Kafireto biyu gare ta na kamfanin SU, tare ake daidaita su, ba kowane bakanike ke iyawa ba, ka nemi dattijo.

Baban Ilham: Leƙa ƙasan ƙofofi, nan tsatsa ke cin ta. Masu walda a Panteka za su yi maka faci.

Ɗan Unguwar Rimi: Na gode sosai. Inshora fa?

Oga Kakuri: Ƙaramar inshora, wanda ka buga kawai take biya, yi cikakkiya, a rubuta ƙimar motar a takarda.