Tasirin da bai wuce 0.2 ba, a jefar da shi kenan?

Ɗaliba: Salamu alaikum. Na gwada wata hanyar koyar da yara karatu, na kwatanta rukunin da aka koyar da ita da rukunin da ba a koyar da ita ba, girman tasirin (d, ma'aunin girman bambancin rukunan biyu) ya fito 0.2, p kuma (lambar da ake dubawa a ga ko sakamakon zai iya zama dace kawai) ƙasa da 0.05. Mai duba aikina ya ce wai hanyar ba ta da amfani. Haka ne?

Malam: Wa alaikumus salam. Ajiye p tukuna, ba girma take aunawa ba. In mutanen da aka gwada suka yi yawa, ko bambancin da bai taka kara ya karya ba sai ya fito da ƙaramar p.

Manazarci: Ni dai ina bayan mai dubawa. Jacob Cohen, masanin ƙididdigar bincike, a littafinsa na 1988 ya ce d na 0.2 ƙarami, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Ya kwatanta 0.2 da bambancin tsawon 'yan mata masu shekara 15 da masu 16. Jera su ki ware da ido mu gani! Yaronki na tsaka-tsaki ya wuce kashi 58 cikin 100 na ɗaya rukunin, maimakon 50. Shi kenan fa.

Likita: Yallaɓai, ka manta asfirin. A Amurka an raba likitoci maza sama da 22,000 gida biyu, rabi asfirin, rabi ƙwayar da babu magani a cikinta. Rahoton 1988: bugun zuciya ya kama 104 a masu asfirin, 189 a sauran. In ka mai da shi r, wato ma'aunin ƙarfin alaƙa tsakanin abubuwa biyu, kusan 0.03 ne, a ma'aunin Cohen ko ƙarami bai kai ba. Amma dakatar da gwajin asfirin ɗin aka yi kafin lokaci, don bai dace a ci gaba da hana rabi ba.

Manazarci: Dokta, ƙarasa lissafin mana. Bambancin mutum 85 ne a cikin 11,000. Sai kusan 130 sun sha na kimanin shekara biyar kafin ɗaya ya tsira daga bugun zuciya, ga haɗarin zubar jini a ciki.

Likita: Madalla, ka zo wurin! Yanzu riba da illa kake aunawa, ka bar jadawalin Cohen. Shi ma Cohen cewa ya yi a koma wa lambobin nan idan babu wani abin kwatance a fagen.

Manazarci: Ban sauka ba. Rai daban, makin karatu daban.

Malam: Ɗiyata, amsa mana biyu. 0.2 ɗin nan kalma nawa ce yaro ya ƙara karantawa a minti ɗaya? Sannan ina iyakar ƙasa ta tazarar tabbacinki, wato tazarar da ake kyautata zaton ainihin tasirin yana cikinta?

Ɗaliba: Ta kusa taɓa sifili, Malam. Kalmomin kuwa wallahi ban lissafa ba.

Malam: To, wannan iyakar ta fi 0.2 ɗin damuna. Lissafo kalmomin, ki haɗo da awannin da malami zai kashe a kan hanyar, ki turo mana kafin ki koma wurin mai dubawa.