Jama'a wai me za mu kira alaji da Hausa? Takarda zan liƙa a jikin roba

Salamu alaikum. Abun da ya kawo maganar nan, ranar Asabar ni da yara muka yi cakulan ɗin gida za a kai walimar islamiyyarsu, kuma cikin 'yan ajin akwai ɗan ƙanwata mai shekara 4 da ko ƙuli-ƙuli ya lasa sai leɓensa ya kumbura jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, sau ɗaya ma har numfashi ya fara gagararsa sai da aka yi masa allurar adirenalin a asibiti. To na ɗauko biro zan rubuta a marfin robar cewa wannan ya dace da masu alaji, kawai na tsaya cak. Malamar da za ta raba, da kakar da za ta karɓi na jikanta, alaji ɗin nan za su gane?

Na tambaya a guruf ɗinmu na gida, ga abin da aka kawo.

Yayarmu ta ce a rubuta "jikinsa ba ya so". Wannan kam ban yarda ba ko kaɗan. Da ka ce ba ya so sai a ɗauka iyayi ne ko tsirfar 'ya'yan 'yan boko, wata ta ce haba ɗan ba shi kaɗan ya saba, mu da muka tashi da kunun gyaɗa me ya same mu. Kaɗan ɗin nan kuwa shi ke kai yaro gadon asibiti.

Wani ya ce "rashin jituwa". Kalmar ta yi daɗi a kunne amma ta fi dacewa da wanda in ya sha madara cikinsa ke ƙugi ya yi ta zarya bayi, wannan hanjinsa ne ya gaza narkar da sukarin da ke cikin madara, wahala ce amma ba irin waccan ba ce. Alaji kuwa garkuwar jiki ce da kanta take ganin furotin ɗin gyaɗa ko ƙwai kamar abokin gaba, ta saki wani sinadari da ake kira histamin, shi ke kawo ƙaiƙayin da kumburin. In muka haɗa su a suna ɗaya mun cuci mai alajin.

Ƙanena ɗan tsokana ya ce "ƙin jini". Na ce to sai a rubuta yaro yana ƙin jinin gyaɗa kamar kishiyar uwarsa ce, lol.

Sai Inna ta turo murya ta ce ku dai kun cika neman wahala, ai borin jini ne. Kuma wallahi ta fi mu gaskiya. Matsalarsa guda, yawancin mutane in an ce borin jini fata kawai suke hangowa, su manta da amai da shaƙewar maƙogwaro. Amma kalmar Turancin ma haka take, wani likitan yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya mai suna Clemens von Pirquet ne ya ƙirƙiro ta a 1906 daga Girkanci, ma'anarta kusan "aiki na daban", wato jiki ya yi abin da bai saba yi ba. Babu numfashi a cikinta babu kumburi, amfani ne ya cika ta da ma'ana. To bori ai ya fi wannan hoto ma, jini ya hau bori, wa zai ji haka ya ce a ƙara masa?

Ni dai na tsaya a nan: borin jini a gida da makaranta, a ƙara sunan abun, borin jinin gyaɗa, borin jinin ƙwai. Gaban likita a ce alaji ba laifi.

Saura ɗaya ɓangaren, sunan abincin da aka yi don masu alajin, wanda da Turanci ake cewa "allergy-friendly". Wani ya fassara shi kai tsaye wai "abokin alaji", wata ta ce "kowa-ya-ci", na so wannan sosai har na fara rubutawa sannan na soke, don ba gaskiya ba ne. A Amurka abinci 9 doka ta tilasta a bayyana a jikin leda, madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande, gyaɗa, dangin yazawa, alkama, waken suya, sai riɗi da aka ƙara a 2023, Tarayyar Turai kuma 14. Wa zai iya rantsuwa nasa ya kuɓuta daga duka?

Namu dai ga yadda muka yi. Dabino na cire ƙwallo na jiƙa a ruwan ɗumi, yaran suka dama shi da cokali, muka zuba garin koko zalla, na cakulan fa ba na ƙosai ba, kun ga wata rigimar sunan kenan, da ɗan man kwakwa, suka mulmula ƙanana suka birgima su a garin aya, muka sa a firij. Aya ba dangin gyaɗa ba ce, saiwa ce, amma duk da haka sai da na tambayi uwar yaron ita da kwakwar. Ban sa Milo ba don akwai madara a ciki. Shi kokon kansa ba kasafai yake tada bori ba, abin da ake haɗa shi da shi ne, shi ya sa ake karanta bayan leda har ƙaramin rubutun nan mai cewa wataƙila an samu ɓurɓushin gyaɗa. Ayar ma a gida na niƙa, ban kai injin unguwa ba tunda da shi ake markaɗen gyaɗa, turmin ma ban taɓa ba.

Autata ta shafe fuska da koko har kunne, tana ta tambaya me zan rubuta. Na rubuta da manyan baƙi: Cakulan marar gyaɗa, marar madara, marar ƙwai. Akwai dabino, koko, kwakwa da aya. Mai borin jini a tambayi mamansa.

'Yan Damagaram da Maraɗi, ku ma borin jinin kuke cewa ko alarji ɗin Faransanci ya cinye?