Wa ya tuna 'yan sojojin roba na fina-finan sararin sama da mun ka saye da kuɗin sallah?

Ɗan Rijiyar Dorowa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni, musamman ga waɗanda sun ka yi ƙuruciya cikin garin Sakkwato wajen 1988 zuwa 1995. Satin da ya wuce mun ka buɗe adakar Inna, Allah shi jiƙanta, ni da ƙannena mata muna hidda zannuwa da kwanoni da za a raba, sai ga wani ɗan soja na roba naɗe cikin tsohon kallabinta can ƙasa ƙarƙashin turmin atamfa. Walle ina ganinai gabana yaf faɗi, don nawa ne. Da goron sallah na saye shi wurin wani mai gwanjo cikin kasuwa, ya zuba su bisa buhu tare da takalman yara, na kwan uku ina yawon sallah tun daga Kanwuri har Ƙofar Atiku kahin kuɗin su kai. Bai yi wata biyu hannuna ba Inna tak karɓe shi saboda na tsere ma makarantar allo na tai bayan gidanmu ina wasa da shi, tac ce ta jefa shi masai, na yi kuka har muryata ta dishe. Ashe aje shi ta yi, shekara talatin da wani abu.

Fari ne da can, yanzu ya koma kamar haƙorin mai cin goro. Hular kwano ta ruhe mai huska duka, ido baƙi, kai bai juyawa amma hannuwa da ƙafafu suna tahiya gaba da baya, tsawonai bai wuce tahin hannu ba, akwai 'yar huda ƙarƙashin kowace ƙafa. Bayan cinya an rubuta 1977 da Hong Kong. Mu dai sojan wata muke ce mai. Wane fim ne wanga, kuma akwai wanda ya taɓa riƙe irinai?

Abban Hanifa, Mabera:
Wa alaikumus salam. Allah shi jiƙan Inna shi sa ta huta. Malam abin da ka kwatanta sojan Star Wars ne, Stormtrooper ake ce musu, fim ɗin ya hito Amurka 1977. Kamfanin Kenner da ke garin Cincinnati a lokacin shi ya samu izinin yin kayan wasan, kuma da fim ɗin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata ba su da ko guda a ƙasa, har kirsimeti na shekarar ya zaka, sai sun ka riƙa sayar da kwali da takardar alkawari a ciki, yaro shi aika da takarda ta gidan waya shi jira. Sai 1978 kayan sun ka shiga kantuna, guda 12 na farko, kuma sojan naka yana cikinsu. Shi ya sa kan bai juyawa, haka an ka ƙera shi, ba lalacewa ya yi ba.

Amma ka lura, 1977 ɗin shekarar haƙƙin mallaka ce ba lallai shekarar da an ka yi naka ba, sun ci gaba da buga su har 1985. Yaran Turawa sun yi wasa da su sun girma, iyaye sun haɗa da tsohin tufafi sun bayar, dila ta biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta hau mota ta biyo Nijar har Ƙonni da Illela, sannan ta iso gabanka bisa buhu. Ni robobin Transformers na tara, masu naɗewa su koma mota, guda biyar, huɗu daga ciki jabu ne da ba su kwana uku ƙafa ba ta ɓalle ba, amma walle barci nike da su.

Wata shawara, za ka ga labarin wani ɗan roba na Star Wars da an ka sayar fiye da dala miliyan ɗaya a 2024, gaskiya ne amma wancan samfurin gwaji ne da ba a taɓa kai shi kasuwa ba. Irin naka an yi su miliyoyi, ga shi babu kwali babu bindiga, kuɗinai kaɗan ne. Kada wani shi ruɗe ka.

Maman Ummi:
Allahu akbar, ni zancen kallabin nan ne ya sa ni hawaye tun da sahe. Yaya don Allah kada ka raba su, ka bar shi cikin kallabin yadda ta naɗe shi.

Mu mata ai ba a saye muna irin waɗanga, 'yar tsana ce tamu ta kara ko ta ƙashi mu yi mata kitso da zare. Amma yayana yana da zakin Voltron guda, ja, lokacin da NTA ke nuna shi da marece, duk yaran layinmu a Runjin Sambo falonmu suke cika a zauna bisa siminti ana roƙon Allah kada a ɗauke wuta kahin zakunan biyar su haɗe. In ya tai boko sai in ɗauko zakin in goya shi da ɗankwali in yi mai tuwon ƙasa. Kakarmu ba ta son ganinai ko kaɗan, kullum cewa take mutum-mutumi na hana mala'iku shiga ɗaki, har sai da Baba ya zauna da ita ya kawo mata hadisin Nana A'isha da 'yan tsanarta da dokinta mai fukafukai, sannan ta sassauta, dud da haka in za ta yi salla sai an kife shi cikin kwando.

Bagobiri:
Ku kun ji daɗi da kun ka samu na kanti. Mu 'yan Unguwar Rogo da hannu mun ka yi namu. Akwai gidan da ke da bidiyo a unguwar, ana biyan sule biyar a shiga zaure, wanda bai da shi sai leƙen taga, nan na ga RoboCop da fim ɗin mutumin ƙarhen nan na Kwamando da ido guda ke ci da jan wuta, ba mu jin Turanci ko kalma guda amma in an tashi kowa shi ba da labarin yadda ya fahimta har a yi dambe bisa wa ya fi gaskiya. Washegari sai bola, mu tsinto gwangwanin madara da na tumatir da murahun lemu, mu yanke da tsohuwar reza da ƙusa, kara shi ne ƙashi, wayar keke ita ce gaɓa, takardar sigari mai ƙyalli mu liƙa ma huska da ƙaro. Har yau akwai tabon gwangwani bisa babban yatsana na hagu. Wani abokina ya iya sosai, har batir da ɗan ƙwan tocila yake sa ma ido shi kama da dare, yanzu walda yake kuma duk ƙofar da ya yi sai ka tsaya ka kalla.

Malam zancen jan da ya yi, rana da zahi ne ke sa farar roba haka, ka san zahin garinga. Kada ka sa mai kananzir ko fetur ko bilic, fenti zai tashi. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshi sun isa.

Ɗan Rijiyar Dorowa:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Abban Hanifa ba sayarwa zan yi ba ko nawa ne, sunanai kawai nike son sani. Jiya ƙanwar Inna ta zaka gida na nuna mata, tac ce ta san da shi, wai Inna ta yi niyyar maida man ranar saukata sai hidimar walima ta sa ta mance, daga baya kuma ta ga na girma. Bagobiri ko wankin ma na fasa, ƙamshin turaren adakar na nan jikinai. Ɗana ya gan shi yana ta roƙo, na ce mai shi kai izu biyar tukun mu yi magana.